Matar da Ba Ta Rufe wa Kowa Taga

Kafin masu shara su gama goge baranda, ta riga ta sauka ɗakin ƙasa, inda babbar kwamfutar asibiti take gurnani. Ta rataye mayafi a ƙusa, ta saka rigar sanyi, ta zauna gaban allo. Allon nan a tsage yake gida-gida, kowane gida taga suke ce masa. Wannan ta ɗakin magani ce, waccan ta masu gwajin jini, ta kusurwa ta masu yankar kati. Duk abin da ma'aikaci yake bugawa a sama, cikin kwamfutar nan yake zaune. In aka rufe masa taga bai gama ba, aikinsa ya bi iska.

Ni gadon marasa lafiya nake turawa a asibitin. Bokona bai yi nisa ba, amma ina da ido. Uwar Tagogi muke ce mata, kuma ban taɓa ganin ta rufe taga ba tare da ta ɗaga waya ba.

"Ɗakin magani, kun gama, ko kun tafi cin abinci kun bar min ita a hangame?"

"Anti, minti biyu."

"Minti biyunka na jiya ma har yanzu bai cika ba, ɗan nema."

Ranar da aka ci mata mutunci ina wurin. Da safen na tura wata mai jego ɗakin tiyata, jini ya ƙi tsaya mata. Ina fitowa aka ce in kai kujeru ƙasa, sabon shugaban sashe zai nuna wa baƙi sabuwar na'ura, kuma sai an kashe tsohuwar za a kunna ta.

Shugaban ya shigo yana ƙamshin turare, ya ce, "Kashe ta, baƙi na jira."

"Ranka ya daɗe, tagar jini a buɗe take. Ana nema wa mai jego jinin da zai dace da nata."

"Su sake daga farko mana."

"Ita mai jegon fa, ita ma ta sake daga farko?"

Ta rufe maɓallin da tafin hannunta, waya maƙale a kafaɗa, ba ta ƙara kallon kowa ba, har mai gwajin jini ya ce, "Anti, mun samu." Sannan ta bi sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya tana rufewa, ta kashe na'urar, ta ce, "Bismillah."

Mai jego ta tashi. Ta koma gida da jaririnta tana shi wa likita albarka, kuma ya cancanta. Uwar Tagogi kuwa takardar gargaɗi ta samu, wai rashin ladabi gaban baƙi. Shekara ba ta zagayo ba aka ce ta je ta huta. Hutun da ba ta nema ba! Ko ruwan sanyi ba a raba ba ranar. Kofin shayinta ta saka a jaka, ta hau matakala ita kaɗai.

Ke ce kika san cewa bayan kowace taga akwai mutum zaune, bayan mutumin kuma akwai wani a kwance. Ke ce mai tambaya kafin ki danna. Na gode miki, 'yata, a madadin waɗanda kika yi wa rana ba su ko san kina duniya ba. Allah Ya biya ki, tunda mu mun kasa.

Ku kuma yaran da aka ɗora a kujerarta, ku koyi ɗaga waya, ba a mutuwa don an tambaya. Sauran ma'aikata, tana nan da ranta, gidanta bai ɓata ba, ku je ku gaishe ta. Kada wani ya jira ranar da aka ce ta rasu ya zo yana ce min, "Allah sarki, mutuniyar kirki." Duk wanda ya faɗa min haka, a gaban jama'a zan tambaye shi inda yake ranar da ta hau matakalar nan.