Kofin Shayi a Kujera ta Huɗu

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma duk sabuwar nas da aka haɗa ni da ita sai na ba ta labarinta, ko tana so ko ba ta so. Sunana Saratu. Na yi aikin jinya shekara bakwai a Jos kafin in zo Birmingham, inda nake aiki a sashen ƙarin ruwa na wani asibiti.

Cikin masu zuwa wurinmu akwai waɗanda ciwon mantuwa ya fara kamawa, tun bai yi nisa ba. Duk sati biyu ana sa musu wani magani ta jijiya, kamar awa guda. Ba ya warkarwa, rage wa cutar gudu kawai yake yi. Yana kuma da nasa haɗarin, don wani lokaci yakan jawo kumburi a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa lokaci-lokaci, kuma kafin a buɗe ruwan dole nas ta bi wata takardar tambayoyi: ko an yi ciwon kai, ko jiri, ko ruɗewa fiye da yadda aka saba, ko gani ya canja. To, mutumin da mantuwa ke damunsa ba a dogara da amsarsa shi kaɗai. Dole ya zo da mai kula da shi, kuma rabin aikinmu a bakin wannan mai rakiyar yake.

Shugabar sashenmu, Sista Maureen, ita ta miƙo mini fayil wata safiya, ta ce sunan ya yi mata kama da na ƙasarmu. Alhaji Garba ne, injiniyan ruwa da ya yi ritaya, da matarsa Hajiya Binta. Na duba adireshi na ga Longsight, can Manchester. Na yi mamaki, domin akwai wurin da ya fi kusa da su, amma suka zaɓi su hau bas, su hau jirgin ƙasa, su sake hawa bas, duk sati biyu.

Wanda bai taɓa zaman ƙasar nan ba ba zai gane yadda kunne ke ƙishin Hausa ba. Ina zuwa kujera ta huɗu, inda aka zaunar da Alhaji, na rusuna na ce, "Baba, ina kwana? Sannunku da hanya." Fuskar Baba ta washe, ya fara zuba mini albarka. Ita kuwa Hajiya sai ta ɗaure fuska. Ta tambaye ni 'yar ina ce, wa na sani a Manchester, wane masallaci nake zuwa. Na ce mata coci nake zuwa, a Perry Barr, nan cikin Birmingham, kuma sau ɗaya na taɓa taka Manchester, shi ma biki ne ya kai ni. Sai na ga kafaɗunta sun sauka. A lokacin na ji haushi, na ce a raina wannan Hajiya akwai ji da kai.

A nan kuskurena ya fara. In Bature ne a kujerar, kai tsaye nake tambayarsa ko ya ruɗe a satin nan, ko ya faɗi, ba na jin komai. Amma da Hausa bakina ya ƙi. Dattijo sa'an mahaifina, da hularsa da farin gemunsa, ta yaya zan dubi idonsa in tambaye shi ko hankalinsa ya gushe? Sai na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Na juya ga Hajiya na ce babu dai wata matsala ko? Ta ce alhamdu lillahi. Na bi takarda na yi ta cike gurabe: babu, babu, babu. Ni da na girma a Arewa, na fi kowa sanin cewa mutum ko numfashi yake ja da ƙyar, in ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Na sani sarai, amma sau biyar ina yin haka. Har Sista Maureen ta yaba mini, wai sun saki jiki da ni, kuma ina gama su da wuri. Ni kuma kaina ya fasu.

Ranar da nake ba da labari ita ce zuwansu na shida. An wuni ana yayyafi. Na auna nauyinsa da jininsa, muka yi gaisuwarmu, na cike takarda. Na sa masa allurar a bayan hannu, abokiyar aikina ta zo muka duba suna da yawan magani tare kamar yadda doka ta ce, na rataya ledar ruwan maganin. Kafin in kunna na'ura sai na tuna Baba na son shayi mai sukari uku, na haɗo masa na ajiye a ɗan teburin da ke hagunsa.

Ya miƙa hannu. Hannun ya sauka a gefen kofin, a kan tebur, yana lalube. Hajiya na riƙe da carbi, idonta a ƙasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta sa yatsa ɗaya ta tura kofin cikin tafinsa. Ya ɗauka ya kurɓa, ya ce sukari ya ji.

Yatsana na kan maɓallin na'ura na tsaya. Ba laluben Baba ne ya tsayar da ni ba, kowa na iya kuskure kofi. Hannun Hajiya ne. Wannan hannu ba yau ya fara tura kofi ba.

Na ce wa Baba na'urar na buƙatar a duba ta, na roƙi Hajiya ta zo ta sa mini hannu a wata takarda. Na kai ta ɗan ɗakin da muke ganawa da iyalai, na rufe ƙofa. Na tambaye ta tun yaushe ba ya gani sosai ta hagu. Ta ce kwana shida. Da ciwon kai kuma, kullum da safe. Sau biyu ya bugi bakin ƙofar kicin. Tana ba shi farasitamol.

Na ce, "Mama, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "A gabansa kika tambaye ni." Ta ci gaba, "Shekara talatin da takwas ban taɓa faɗar kasawar Injiniya yana zaune ba. Kuma na karanta leaflet ɗinku, takardar bayanin maganin. In na faɗa, za ku yi stopping ɗin maganin, ku daina ba shi."

Daga nan maganar ta ɓalle mata, a hankali, ba kuka ba ihu. Babu wanda ya sani. 'Yarsu Halima na Kanada, ɗansu na Landan, duka an ce musu hawan jini ne. Mutanen masallaci sun ɗauka wata ƙanwarta suke ziyarta a Birmingham, ita kuwa ba ta da kowa a garin. Saboda nisan ma suka zaɓi wurinmu, don kada su ci karo da idon sani a ɗakin jira. Sai ga ni da "ina kwana" tawa. A Longsight Baba ake kira in ma'aurata sun saɓa, shi ake ba addu'a ranar suna. Ranar da likita ya faɗa musu cutar, a tashar bas ya sa ta yi masa alkawari kada kowa ya ji.

Ta ce, "Shi ya manta ya sa ni alkawarin. Ni ce ban manta ba."

Ta gaya mini yanzu Juma'a kawai take barin ya je masallaci. Sauran salloli a falo yake jan ta. In ya rikita raka'a sai ta tafa hannu, don ta ce haka mace ke tuna wa liman. Wata rana sau ɗaya, wata rana har ta rasa inda suke. In ya kishingiɗa bayan azahar sai ta shiga ɗaki ta sake tata ita kaɗai, a hankali, kada ya ji ya gane.

Sannan ta kama wuyan hannuna. "Ki rufa mana asiri, 'yata. Ki sa masa na yau kawai. Shi kaɗai ya rage mana."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji tausayinta har na ji haushin aikina. Uwa ce ke roƙona, da harshen da uwata ke roƙona da shi. Amma na san in kumburi ne, ruwan da na rataya zai iya yi masa illar da ba ta gyaruwa. Na faɗa mata haka, na ce ba zan iya ba. Ta saki hannuna, ta gyara mayafinta.

Na je na sami Sista Maureen na faɗa mata abin da na gani. Ta jawo takardar da na cike da safe, ta ga babu, babu, babu, da sa hannuna a ƙasa. Ta tambaye ni ko na yi tambayoyin ko ban yi ba. Na ce gaishe su kawai na yi. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce in rubuta hakan a rahoto daidai yadda na faɗa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babban likita ya zo ya duba idon Baba, ya sa aka kai shi hoto a ranar. Akwai kumburi ta bayan ƙwaƙwalwa. Ya bayyana musu cewa sau da yawa yakan sauka da kansa in an dakatar da maganin, amma sai an sa ido. Ni na sauke ledar cike yadda na rataya ta. Baba ya dube ni yana dariya ya ce, "Yau an yafe mini ke nan, 'yar Jos?" Har godiya ya yi mini. Hajiya ko kallona ba ta yi ba. Ni kuma aka sa wata babbar nas ta riƙa tsayawa a kaina wata guda duk lokacin da zan yi tambayoyin, kamar ɗaliba. Na ji kunya, amma na cancanta.

Bayan wasu makonni kumburin ya sauka, ganinsa ya dawo. Sai dai likita ya ba da shawarar kada a koma kan maganin, aka mayar da kulawarsa asibitin da ke kusa da gida. Ranar zuwansu na ƙarshe ina ɗakin magani aka ce wata na nemana. Na fito na ga Hajiya ita kaɗai, Baba na wurin awon jini. Na shirya jin faɗa.

Muka koma ɗan ɗakin nan. Ta ce ba ta riƙe ni a zuci ba, da na biye mata da Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Sai ta ce, "Abin da ke damuna, yanzu ranar Talata ba mu da wurin zuwa."

Ban gane ba sai da ta ƙara bayani. A cikin jirgi da ɗakin jiranmu ne kaɗai ba ta buƙatar yi wa kowa ƙarya. Akwai wani tsohon Bature da ke kawo matarsa kujera ta biyu. Ba su taɓa wuce gaisuwa ba, ko sunansa ba ta sani ba, amma in suka haɗa ido yakan gyaɗa mata kai, ita ma ta gyaɗa masa. Ta ce shi kaɗai ne a duniya ya san irin satin da ta yi.

A nan na tuna cewa wata da watanni ina auna mijinta, ina haɗa masa shayi, ina yi masa barkwanci, ban taɓa tambayarta komai game da kanta ba. Takardarmu ba ta da gurbin mai rakiya. Na ce, "Mama, ke fa? Ya naki jikin?"

Ta buɗe baki, na ga amsar da muka saba ta taho har kan leɓenta. Sai ta haɗiye ta.

"Na gaji, Saratu. Wallahi na gaji."

Ranar ta fara kiran sunana. Daga baya na ba ta takardar wata ƙungiyar masu jinyar iyalansu da ke haɗuwa a Manchester, na kuma ce ko Halima kaɗai ce ta kira ta gaya mata. Ta ce alkawarin fa? Har yau tambayar nan na raina. Ta ninke takardar ƙanana ta tura can ƙasan jaka, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Sai muka ji muryar Baba a waje yana tambayar inda Hajiya ta shiga. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗora murmushi, ta fita. Na bi su da kallo har ƙofa. Duk da ganinsa ya dawo, gefen hagunsa ta tsaya.

Ban sake ganinsu ba, kuma ban san ko ta kira Halima ba. Aikinmu haka yake, fayil ya bar hannunka, labari ya yanke.

Ga abin da nake gaya wa na baya. Ku gaida mutane da kyau, musamman namu, amma in gaisuwa ta ƙare ku ce musu ta ƙare, yanzu aiki za a yi. Kunyar da na ji ta tarbiyya ce, ba na zagin ta, amma saura kaɗan ta cuci mutumin da nake girmamawa. Mai rakiya kuma a tambaye shi shi kaɗai, ƙofa a rufe, don akwai maganar da mace ba za ta taɓa yi mijinta na zaune ba. In an gama tambayoyin takarda, a ƙara guda ɗaya da babu ita a ciki, a kuma jira amsa ta biyu.

Wani ne ke zama a kujera ta huɗu yanzu. Har yau ni ke kai shayi, kuma in na ajiye kofi ba majinyacin nake kallo ba. Hannun wanda ke zaune a gefensa nake kallo.