Battar Tabar Mahaifina

Mahaifina bai taɓa kunna sigari ba a rayuwarsa, kuma da wannan yake cika baki. Abin da ba ya ambatawa shi ne garin taba. A masaƙar Kakuri ya koya, inda ya yi aiki tun kafin a haife ni. Ko ashana ba a yarda ka shiga ɗakin saƙa da ita ba, don ko'ina auduga ce. Sai ma'aikata suka samo dabara: a daka taba da kanwa, a ɗibi kaɗan a cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, a bar ta nan tana jiƙa. Ba hayaƙi, ba mai kama ka, barci kuma ba ya ɗaukarka a gaban inji. Masaƙa ta rufe, amma taba ta biyo shi gida Sabon Tasha.

A wata 'yar batta ta ƙarfe yake zuba ta. Kafin ya buɗe sai ya ƙwanƙwasa murfin sau uku da ɗan yatsa, don garin ya sauka. Da wannan ƙarar na girma. Kowace Asabar da la'asar kuma yakan je gindin wani mangwaro a bayan kasuwa, inda tsofaffin abokan aikinsa huɗu ke zama. Al'adarsu tun daga masaƙa ita ce batta ta zaga hannu hannu, kowa ya ɗiba. Wanda ya miƙa ta gaba bai taɓa ba, to yana fushi da mai ita, sai an zauna an yi sulhu.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na kai masa abinci daga gidana a Narayi, kamar yadda na saba tun rasuwar Mama. Yana sakace haƙori ya ja leɓensa ƙasa, sai na hango wani farin tabo daga ciki, ɓangaren hagu, faɗinsa kamar farcen babban yatsa. Na tambaye shi. Ya ce tun farkon damina yake nan, ba ya ciwo, kuma kada in damu don yana yi masa magani. Maganin kuwa shi ne yana ƙara ɗora taba daidai kan wurin, wai a ƙauyensu duk ciwon baki da na haƙori da ita ake kashe shi.

Ni ba a san ni da haƙuri ba. Ran nan maƙwabta sun ji muryata. Shi kuwa ko gezau, ya bar ni na gama masifata, sannan ya ce in kawo masa ruwan wanke hannu.

Sai da na yi mako biyu ina naci kafin ya yarda muka haye gada zuwa asibiti. Likitar haƙori, wata mace mai sanyin murya, ta goga wurin da auduga, farin bai fita ba. Aka yi masa allura aka yanki ɗan ƙanƙanin nama don gwaji. Kwanakin jiran sakamako ban ci abincin kirki ba, tsoro ya cika ni. Da muka koma ta ce ba ciwon daji ba ne tukuna, amma irin wannan tabon yakan rikiɗe ya zama shi. In Baba ya bar taba gaba ɗaya, mai yiwuwa tabon ya ragu ko ya tsaya inda yake. Zai riƙa zuwa bayan kowane wata uku a duba a auna, in tabon ya ƙi raguwa sai a yi aiki a cire.

Baba ya tambaya da gaskensa ko zai iya mayar da tabar ɓangaren dama.

"Baba," in ji likita, "ai bakin duka naka ne."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ya ji. Daga ranar ya bari, a cewarsa. Makonnin farko sun yi muni. Ciwon kai, hamma, faɗa da rediyo, faɗa da kajin maƙwabta. Yakan share tsakar gida sau biyu kafin rana ta yi tsaka don hannunsa ya sami abin yi. Na ce ya ba ni battar in jefar, ya kafe ya ƙi. Ban so ba, amma na ƙyale shi.

Wata Asabar na iso gidan da rana, ina bakin ƙofar ɗakinsa sai na ji ƙwanƙwasa sau uku. Zuciyata ta tafasa. Ban shiga ba. Na koma gidan wata ƙawata a layin na zauna har la'asar, da ya fito na bi shi a baya. Niyyata in kama shi a gaban abokansa, in ya so ya yi fushi da ni har Kirsimeti.

Na tsaya bayan rumfar wata mai tumatir ina kallo. Suka gaisa, suka taɓa hirar fansho, sai mafi tsufansu, wanda suka yi shekaru a layin inji ɗaya da Baba, ya ciro tasa battar. Ta zaga har ta iso hannun mahaifina. Ya riƙe ta, ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa ta gaba.

Mai battar ya ɓata rai, ya ce wannan mako na huɗu ke nan ana yi masa haka, in akwai laifin da ya yi a faɗa masa a gaban kowa. Ashe duk wannan lokacin Baba bai gaya musu komai ba. Mutum ne mai tsare girmansa, ko zazzaɓi ba ya yarda a san yana yi. Ina kallo ya miƙe tsaye, a bakin hanya, mutane na wucewa, ya sa yatsu biyu ya ja leɓensa ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu.

"Ba fushi nake yi da kai ba," ya ce wa mai battar. "Duba nan. Inda nake ajiye ta ke nan tun muna samari. Kai ma buɗe naka in gani."

Tsohon ya yi gardama, ya ce shi ba akuya ba ce da za a duba wa haƙora a kasuwa. Amma ya buɗe. Sauran ma suka buɗe. Sannan Baba ya ciro tasa battar, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya buɗe, ya kifa ta a tafin hannunsa. Babu komai a ciki, an wanke ta tas. Kunya ta rufe ni. Na sulale na nemi keke mai ƙafa uku na koma Narayi, ban bari ya gan ni ba.

Ranar komawarmu asibiti na tarar da su biyu a ƙofar gida sun yi shiri, shi da tsohon nan mai battar, wanda Baba ya hango wani abu a cikin kumatunsa ran nan. Baba ne ya nuna masa inda ake yankar kati. Likita ta auna tabon mahaifina ta ce ya ragu, amma bai tafi ba, a dawo bayan wata uku.

A hanyar gida, muna kan gada, na ce masa ai yanzu ya ci nasara, sha'awar ta wuce. Ya girgiza kai.

"Ba ta wuce ba, 'yata. Kullum da safe ina sonta kamar ranar farko."

Ya ciro battar, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya buɗe, ya sa yatsu biyu cikin wayam ɗinta, ya rufe, ya mayar aljihu. A raina na daɗe ina cewa ni ce mai ƙarfin hali a gidanmu, don ni ce mai ɗaga murya. Tun daga kan gadar nan ban sake faɗin haka ba.