An wanke kwabban Malam Sa'idu

Da safen nan labari ya same ni cewa Malam Sa'idu ya rasu tun shekaranjiya.

A status ɗin wani tsohon ɗan ajinmu na gani, ina tsaye wajen mai shayi a Sule Tankarkar. Babu wanda ya kira ni. An yi masa sutura an kai shi makwanci, ni kuwa ina aji ina koyar da darasin da shi ya koya mini. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana tarihi a sakandare a Gumel. Shi ne mutumin nan mai tara kwabban tagulla na zamanin Rumawa. In ka ce na birnin Rum ne, take zai gyara maka. Nasa na garuruwan da Rumawa suka mulka ne, su Iskandariyya da biranen gaɓar Libiya, inda kowane gari ke buga kwabonsa da tambarinsa.

Tun yana karatu a Masar ya fara. Da ya dawo, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari yana tare direbobi da masu dawowa daga Libiya, yana tambaya ko sun tsinto wani tsohon ƙarfe. Yawanci tarkace ake miƙo masa, har da maɓallin riga. Ya karɓa ya yi godiya. Jefi-jefi a dace.

Ina da in'ina lokacin da nake aji uku. In na tashi magana, ajin ya ɗauki dariya. Wata rana ya ɗora mini wani kwabo mai hoton gaggafa a tafin hannu, ya ce in gaya wa aji abin da na gani. Na kakare a kalmar farko. Sai ya ce, "Wannan kwabon ya yi shekara kusan dubu biyu yana jira. Ku ma za ku iya jiran Auwalu minti biyar."

Suka jira. Na gama.

Ranar da aka ɗauke ni koyarwa, shi ya hau tsohon babur ɗinsa har Gagarawa ya gaya wa mahaifiyata, don wayarta ba ta shiga.

Kowane kwabo yana cikin ƙaramar ambulan da ya naɗe da hannunsa, a jiki ya rubuta garin da aka buga shi, da sarkin da ke kai, da wanda ya kawo masa. Ambulan-ambulan ɗin kuwa suna jere cikin gwangwanaye biyar, a wani akwati. Doka ɗaya gare shi: kada a wanke. Wannan kore-koren da ke jikin tagulla, yakan ce ba datti ba ne, fatarsa ce, in ka kankare ta ka kankare rubutun.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne. Na same shi a zaure, ƙafa a kumbure. Na ce mu je asibiti, ya ce gobe Alhamis, akwai wani direba da ya yi masa alkawari. Taurin kan Malam sai shi. Ya ce idonsa ya fara gazawa, in zo da laptop ɗina mu zauna kwana biyu, shi yana faɗa ina rubutawa, a ɗauki hoton kowane kwabo da ambulan ɗinsa.

Na ce, "Malam, a bari sai bayan jarrabawa."

Ya dube ni ya ce, "To. Kullum dai akwai wata jarrabawar."

Ya rako ni bakin titi yana ɗingishi, ya cusa mini ƙullin riɗi a aljihu, wai na yara.

Yau da hantsi na isa Gumel. Na yi gaisuwa a ƙofar gida, na shiga ciki wajen matarsa, Hajiya Binta. A tsakar gida, kusa da randa, sai ga Sabo, ɗan ƙanin Malam, magidanci da gemunsa, a tsugune gaban kwano. Lemun tsami, toka, soson ƙarfe. Kwabbai a jiƙe cikin ruwan. Ambulan-ambulan ɗin kuwa an yayyage su an tara gefe, ruwa ya bi ta kansu, tawadar ta narke.

Na ce, "Sabo, me kake yi haka?"

Ya ce, "Wani ne a wajen zaman makoki ya ce zinare ne a ƙarƙashin tsatsar. Na ce gara a duba kafin rabon gado, kada a cuci marayu."

Ya ɗago guda ɗaya ya nuna mini, yana ƙyalli kamar sabon murfin tukunya. Babu fuska, babu harafi ko ɗaya. Ya ce, "Ka gani, ai jan ƙarfe ne ma kawai."

Kwana biyu da binne mutum. Shekara arba'in yana faɗa wa duk wanda ya shigo zauren nan abu ɗaya, kuma a gidansa ba a samu wanda ya riƙe ba.

Ban yi faɗa ba, gidan rasuwa ne. Na dai shiga na gaya wa Hajiya. Ba ta ma san an buɗe akwatin ba. Ta fito cikin kayan takaba, ta ɗauke kwanon daga gabansa, ta ce, "Yaron nan, ko gishiri ba na aunawa da gwangwanayen nan tun da aka kawo ni gidan. Mayar da sauran inda ka ɗauko."

Gwangwani biyu ya riga ya gama da su. Uku sun tsira, ta kulle su a ɗakinta har a yi rabo. Waɗanda ya jiƙa bai kai ga gogewa ba na tsane su da gefen rigata, amma yanzu ban san wanne ne na wane gari ba. Wanda ya sani yana kabari.

Ina jin haushin Sabo, ina jin haushin mai maganar zinare, ina jin haushin Malam da ya ƙi asibiti. Amma Sabo rashin sani ne ya sa shi. Ni na sani, kwana biyu kawai aka roƙe ni.

Don haka ga roƙona. Duk ɗalibinsa da ya taɓa ɗaukar hoton wani kwabo da ambulan ɗinsa a zauren nan, ko hoton bai fita sosai ba, ya turo mini ta inbox. Hajiya ta yarda in zo ranar Asabar in fara haɗawa. Kada wanda ya tambaye ni ko suna da tsada, don Allah.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'idu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da haƙurin da ya yi da mu. Ya ba Hajiya da yaransa dangana, Ya yafe mini jinkirina. Wanda ya karanta har nan, kada ya tsaya a like, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.