Ranar da Totur Ya Ƙi Amsawa a Hanyar Poli

Na taka totur har ƙasa, motar sai gurnani take, ba gudu. Ga Baba a gefena, maciji ya sare shi a gonarmu ta Poli, asibitin Garwa kuma da nisa. A shekarun saba'in ne, ba wata mota a hanya.

Na ce, "Baba, ta ƙi ja."

Tsohon direba ne. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Injin lafiya yake, wayar totur ce ta saki. Je ka ɗaure ta, ka daina kallon ƙafata."

Na tsaya na buɗe bonet, na ja wayar, na matse noti. Ina takawa ta zabura.

Ya rayu, alhamdulillahi. Ku fa, wa ya taɓa kwantar muku da hankali alhali shi ke cikin ciwo?