Ranar da Inna ta kife kwandonta

Shekarar da yayana ya bar mini kula da rumfarsa ta zaɓen albasa a Aliero, kallon amarya nake yi wa kowane buhu: ba ya fita sai ya sha kwalliya. Littattafan soyayyar da na taso da su ne suka saba mini da son komai ya yi kyau kamar a mafarki.

Mata huɗu ke aiki a ƙarƙashina. Babbarsu wata dattijuwa ce daga Gumbin Kure, muna kiranta Inna. Duk buhun da suka cika sai na zazzage shi, in fitar da masu ɓawo a yamutse, in zuba jajaye masu sheƙi. Ban taɓa yi wa kowa tsawa ba, don haka na ɗauka ni shugaba ce mai kirki.

Wata safiya Inna ta kife kwandonta, ta zauna a kai.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Tunda ke za ki sake, don mi zan wahal da bayana?"

Washegari ba ta zo ba. Sauran suka ce in ba ta dawo ba, su ma sun tafi.

Na cika buhu shida da hannuna, na jera su ina jin daɗin kallonsu. Kafin ranar kasuwar Jega, biyu sun fara tsiyaya ta ƙasa, wari ya cika rumfar.

Na hau babur zuwa Gumbin Kure da albasa guda a jakata, wadda ta fi kyau. Inna ta karɓa, ta danna wuyanta da babban yatsa. Ya lotsa.

"Ke fuska kika kallo, mu wuya muka taɓi. Irin wagga mai kyawo ita ka ruɓar da buhu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kin tambaya?"

Na sunkuyar da kai, na ba ta haƙuri. Ta yarda ta dawo da sharaɗi: a buhu goma in buɗe ɗaya, in na ga aibu in faɗa da baki, hannuna ya zauna lafiya.

Har yau idan na hango albasa mai muni a saman buhu, yatsuna sai su yi ƙaiƙayi. Sai in damƙe bakin mayafina, Inna kuma ta yi kamar ba ta gani ba.