Ta'aziyyar Ƙwayoyin Baba Modu

Duk wanda ya ratsa ɗakin gwajinmu ya san Baba Modu ba ya amsa sallama sai ya fara cewa, "Rufe ƙofa, haske!" Bayan nan ne za ka ji "wa'alaikumus salam". Yatsunsa kullum shuɗi, har a kan tuwo.

Shi ke kula da ƙwayoyin bairos masu cinye bakteriya, yana kiran su "yarana". Akwai wani shuɗin rini da muke ɗiga musu. A duhu ba ya musu komai, amma da haske ya taɓa shi sai ya kashe su. Aikin digirina ke nan, auna yawan hasken da ke kashe su.

A kwata ake samo su. Da babbar riga yake tsugunawa bakin kwatar unguwar Lamisula da kwalba. Wata mata ta taɓa leƙowa ta ce, "Baba, lafiya? Ko in kira 'ya'yanka?"

Ya ce, "Hajiya, kwatarku ta fi ta Bolori albarka. Kada ku yarda a gyara."

Ranar da baƙi za su zo duba sashenmu, sabon shugabanmu ya sa aka yaye labule gaba ɗaya, wai ɗakin ya yi kama da kurkuku. Kwalabena na kan tebur, na riga na zuba rini. Ga hasken ranar Maiduguri kuwa! Kafin azahar aikin wata biyar ya tafi.

Baba Modu bai yi faɗa ba. Tabarma ya shimfiɗa a baranda, ya zauna da carbi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "An yi mana rashi." Kwana uku! Ƙarshe shugaban da kansa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya, ranka ya daɗe. Sai dai yau na fara ganin wanda ya yi kisa ya zo gaisuwa."

Ni kam na haɗa takarduna zan bar karatun. Baba Modu ya ce, "'Yata, kwata ba ta ƙare ba." Sati uku yana zagaya unguwanni da ciwon gwiwarsa, har muka sake tarawa. Na gama karatu tare da 'yan ajinmu.

Yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan Baba Modu, Ya yafe masa, Ya dubi bayansa. Amin.