Kaza da 'Ya'yanta a Bayan Rumbu

A gidanmu na Tsiga, da kaka ta yi, totuwar masara muke hurawa a tsakar gida bayan isha'i, mu kewaye kakarmu Iya ta yi mana tatsuniya. A shekarar da nake tunawa Baba ya fara tuƙa babbar mota yana kai masara kudu. Ranar da zai tafi ya nuna mini taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, ya ce duk inda yake zai dube su, ni ma in duba, shi ke nan mun gaisa.

Ana nan aka je da ni Funtua sayen takalmi. A shagon na ga kalanda mai hoton mutum tsaye a duniyar wata, samansa baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. Gabana ya faɗi. Ashe in mutum ya yi nisa taurari ɓacewa suke yi! Ke nan ni kaɗai nake ta gaisuwa, Baba ba ya gani. Daren nan ko tuwo na kasa ci.

Da Iya ta ji dalili, ta yi dariya har da tari. "Ja'ira! Abin da ya hana ki tuwo ke nan? Matso, ga taki tatsuniyar nan ta zo."

Wai wata kaza ce shaho ya addabe ta, kullum sai ya sure mata ɗa. Ta kwashi sauran ta yi sama, can inda fiffikensa ba ya kaiwa. Amma tsoro bai sake ta ba. Da haske ya yi yawa sai ta lulluɓe su, kada a hango. Sai duhu ya yi take sakinsu kiwo.

"Mutumin naki na kalanda, yana da inuwa?" in ji Iya.

Na ce yana da ita.

"To rana ce a kansa. Ƙura wa wutar nan ido, sannan ki ɗaga kai."

Na yi, ban ga komai ba. Ta kora ni bayan rumbu, ta ce in yi haƙuri. A hankali taurarin suka fito, ɗaya bayan ɗaya, Kazar na nan inda Baba ya bar mini ita. Na sauke ajiyar zuciya, na dawo na cinye tuwon nan da sanyinsa.

Da na girma na karanta cewa masu zuwa sararin samaniya suna ganin taurari fiye da mu ma, in sun shiga inuwa. Hasken rana ne ke danne su a ido da hoto. Na ji daɗi, amma ban yi mamaki ba.

Yanzu ɗana ne ke aiki a kudu, wani lokaci wayarsa ta ƙi shiga. Ba na tayar da hankalina. Fitila nake kashewa, in zagaya bayan ɗaki, in jira.